A Shata Wa Masu Keke Hanya A Tsaunukan Filato

Tun daga shekarar 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Abin da aka saba gani a nan ƙasar shi ne wasu manyan ma'aikata su hau kekuna da safe su zaga gari, a ɗauki hotuna, kafin azahar kowa ya koma cikin motarsa, a jingine kekunan sai baɗi in Allah Ya kai mu. Mu a namu ra'ayin lokaci ya yi da za a yi wa keke wani aikin da zai wuce bikin wuni ɗaya, kuma ba mu ga inda ya fi dacewa a fara ba kamar tsaunukan Jihar Filato da kwaruruwan kogunan da ke gangarowa daga cikinsu.

Sanin kowa ne Allah Ya yi wa wannan yanki baiwa. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga gaɓar teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai mita 1,829. Saboda haka mutum na iya wuni yana tuƙa keke ba tare da rana ta galabaitar da shi kamar yadda za ta yi masa a Sakkwato ko Maiduguri ba. Har wa yau daga wannan tudu ne ruwa ke rabuwa uku. Kogin Kaduna ya taso daga wajen Vom ya je ya faɗa Kwara. Gongola ya gangara gabas, ya yi dogon kewaye ya sadu da Binuwai a Numan. Delimi, wanda ya ratsa cikin Jos, ya nufi arewa, ruwansa ya bi ta Jama'are da Yobe zuwa tafkin Chadi. Ɗalibin da ya karanta wannan a littafin labarin ƙasa, ran da ya tsaya da kekensa a bakin Delimi ya ga masu lambu suna ban ruwan kabeji da karas, ba zai ƙara mantawa da darasin ba.

Abin da muke nufi da hanyar keke ba wani baƙon abu ba ne a duniya. A Turai mahaya suna bin gefen kogin Danube daga Passau ta Jamus zuwa Vienna ta Ostiriya, tafiyar kilomita 300 da ɗoriya, suna kwana a ƙauyukan da ke kan hanya, suna cin abinci a can, suna biya. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne Vennbahn, wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 125 wadda ta taso daga Aachen ta ratsa tuddan Beljiyam ta shiga Luksambok. Da jirgi ya daina binta sai aka shimfiɗa wa masu keke hanya a gurbinta. Hikimar abin ita ce jirgin ƙasa ba ya iya hawa mai tsanani, saboda haka masu safiyo na dā sun riga sun nemo inda tudu ya fi sauƙi, sun sare dutse, sun cike kwari. Inda jirgi ya hau da kaya, yaro ma zai hau da keke.

To, mu ma muna da irin wannan gado. Turawan mulki sun ja ƙaramin dogo daga Zariya ta Rahama zuwa Jos da Bukuru domin kwasar kuza, ya iso a 1914, aka rufe shi a 1957 bayan da babban dogon da ya biyo ta Kafanchan ya karɓe masa aiki. Ban da wannan, kamfanonin haƙar kuza sun bar ɗimbin hanyoyin burji tsakanin Bukuru da Barikin Ladi da sauran sansanoninsu, waɗanda suka zama marayu tun da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985. Ya kamata Ma'aikatar Ayyuka da hukumar yawon buɗe ido ta jihar su tura masu safiyo su bi waɗannan hanyoyi ƙafa da ƙafa, a san inda gurbinsu ya rage, da inda gona ko gini ya hau, da inda kwalbati ya karye.

In da za a nemi shawararmu, sai mu ce a fara da bisa tudun, inda hawa da gangara ba su da tsanani. Hanya ta farko ta taso daga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ta bi Bukuru da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, ta ƙare a duwatsun Riyom masu ɗaurin ban mamaki. Wannan tafiyar wuni guda ce ga mai matsakaicin ƙarfi. Ta biyu ta fi tsawo, watau ta Barikin Ladi da gangaren ruwa na Kurra, ta wuce Mangu da tafkunan kifi na Panyam zuwa Pankshin, tafiyar kwana biyu ko uku. Gangarawa zuwa Assop kuwa sai a dakata tukuna. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san yadda birkin manyan motoci ke tsinkewa a wurin, kuma tura ɗalibai bisa keke su yi kafaɗa da kafaɗa da tanka da tirela a wannan gangara ganganci ne. Sai an sama musu tasu hanya dabam.

Wannan batu na raba keke da mota shi ne ginshiƙin maganar. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma ga keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, sai wata motar safa ta ture shi cikin lambatu. Mutane suka yi ta dariya, maganar ta mutu. Alhali kuwa shawararsa ba ta da aibu, hanyar ce babu.

Mun san akwai masu cewa wannan zancen 'yan birni ne, a jihar da ake zubar da jini. Ba mu raina wannan magana ba ko kaɗan. Tun rikicin Jos na watan Satumba 2001 yankin bai sami cikakken kwanciyar hankali ba, kuma a watan Disamba 2023 an kashe mutane fiye da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, watau a daidai ƙasar da hanyarmu ta biyu za ta ratsa. Babu uban da zai bar ɗansa ya bi hanyar da manomi ke tsoron bi zuwa gonarsa. Saboda haka tsaro ne kan gaba, kuma kada a kafa allon sanarwa ko ɗaya a wani yanki sai an zauna da sarakuna da dagatai da shugabannin manoma da na makiyaya na wurin, sun yarda, sun kuma san abin da zai shigo aljihun mutanensu. Jihar da ke kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ba za ta sayar wa baƙo abin da ɗan gida bai samu ba. Sai dai kuma jiran ranar da komai zai lafa kafin a zana taswira ko a gyara kwalbati, wannan uzurin malalaci ne.

Kuma a gaskiya baƙo ba shi ne zai fi cin moriyar aikin ba. Baƙo na zuwa ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Sauran watannin hanyar ta mai ɗauko buhun dankalin Turawa ce a kariyar kekensa, da ɗan makarantar da ke tafiyar mil uku a ƙasa, da malamin asibitin ƙauye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na babur ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Iyayenmu da suka yi aikin En'e ba su ji kunyar karɓar bashin keke ba, suna hawa Rali zuwa ofis da babbar riga, ana girmama su. Mu ne muka mai da keke alamar talauci, har akawu ya gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi yana taka feda.

Muna kuma jan kunnen hukuma kada a mai da wannan shawara ƙofar ba da kwangila. Ba a bukatar sabon otel ko katafariyar ƙofar shiga mai fenti. Abin da mahayi ke nema kaɗan ne: burji mai kyau wanda ruwa ba ya yanka, alamar da ke nuna nisan gari na gaba da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, rijiya ko famfo a kowane zango, da rumfar mai faci wanda ke da tub da sarƙa da robar birki. Ɗakunan kwanan makarantu na zaman banza lokacin hutu, ana iya saukar da ayarin ɗalibai a ciki bisa ɗan kuɗi kaɗan. Makarantar horon shugabanci da ke Shere, wadda ta daɗe tana koya wa matasa hawan dutse, tana iya horar da 'yan jagora daga cikin samarin ƙauyukan, ɗaliban Jami'ar Jos masu karatun labarin ƙasa kuma su zana taswirar a matsayin aikinsu na ƙarshen shekara.

Akwai abu guda da ba ma so a bari sai an yi asarar rai kafin a tuna da shi. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari birjik suke a gefen waɗannan tsofaffin hanyoyi, ruwansu shuɗi gwanin sha'awa, amma bakinsu a tsaye yake, zurfinsu kuma ba a ganewa daga sama. Mutanen wurin sun san su, sun kuma sha binne 'ya'yansu saboda su. Saurayin da ya zo daga Kano ko Katsina, ya sha hawa, gumi ya jiƙa shi, bai san wannan ba. Kafin a buɗe hanyar Jos zuwa Riyom, ƙananan hukumomin da ta ratsa su kewaye kowane kududdufin da ke bakinta da shinge, su kafa gargaɗi a jikinsa da manyan baƙaƙe.