Maganin ƙibar yaran karkara yana farawa ne tun daga goyon ciki

Duk wanda ya ɗauko zancen ƙibar yara a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci ko Tsanyawa, da wuya a saurare shi. Abin da iyaye mata suka sani a can shi ne tamowa da layin awo a asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Don haka yaro mai kumatu abin alfahari ne, ana cewa ya ji nono. Sai dai ilimin likitanci ya gano cewa yunwa da ƙiba igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma wanda ya ɗanɗani ta farko yana ƙarami ya fi shiga haɗarin ta biyu idan ya girma.

Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittar jiki. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona sukari da kitse a samar da makamashin da masana ke kira ATP. Akwai kuma wani sinadari mai suna AMPK, wanda Farfesa Grahame Hardie na Jami'ar Dundee da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a ƙarshen shekarun 1980. Aikinsa kamar na maigida ne mai leƙa rumbu. Idan makamashi ya yi ƙasa, kamar lokacin noma ko gudu, sai ya sa a ƙona kitse, a janyo sukari daga jini, a dakatar da ajiya. Idan kuwa abinci yana ta shigowa jiki na zaune, sai ya yi shiru, ragowar ta koma kitse.

Jikin da ya fara rayuwa cikin ƙarancin abinci yakan koyi tsimi. A 1992 masana biyu na Birtaniya, Nicholas Hales da David Barker, suka bayyana cewa ɗan tayin da bai samu isasshen abinci ba yakan tsara jikinsa don zaman yunwa. Tarihi ya riga ya ba da shaida: a yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945, samarin da aka yi goyon farkon cikinsu a lokacin sun fi takwarorinsu ƙiba suna da shekara 19. Irin wannan jiki, in ya haɗu da sukari da mai masu arha, ya fi saurin tara kitse a ciki, daga nan sai ciwon sukari da hawan jini.

Haɗuwar kuwa ta riga ta fara a karkarar Kano. Wake da riɗi da gyaɗa suna fita zuwa kasuwar Dawanau, kuɗin ya dawo gida a taliyar leda da biskit da lemon kwalba. Injin niƙa ya rage daka, babur ya rage tafiyar ƙasa, waya ta ci lokacin langa da gaɗa. Babu mai so mata su koma wahalar turmi, amma aikin da ke tayar da AMPK ya ragu, sukari kuma ya ƙaru: kwalbar lemo mai rabin lita na iya ɗaukar fiye da ƙaramin cokali 10. Ga kuma 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe don su yi jiki kafin aure. Wasunsu magungunan kumburi ne masu ƙarfi da ke tayar da sukarin jini, su raunana ƙashi da garkuwar jiki.

Za a ce maganar ƙiba a inda tamowa ke kisa tamkar sayen takalmi ne ga wanda ba shi da riga. Gaskiya ne cewa tamowa ce kan gaba. Ko rahoton UNICEF na 2025, wanda ya ce yara masu ƙiba 'yan shekara 5 zuwa 19 sun kai miliyan 188, har sun zarce masu rama a duniya, ya ware Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya a matsayin inda hakan bai faru ba tukuna. To amma wannan jinkiri dama ce. Maganin matsalolin biyu ɗaya ne a kwanaki 1,000 na farko: mai ciki ta ci mai gina jiki, jariri ya sha nono zalla wata shida, sannan kunun yaye ya samu gyaɗa ko waken suya da zogale, ba zallar gasara da sukari ba.

Ƙasashe masu arziki sun karkata ga magani. A Disamban 2022 Amurka ta amince a yi wa masu shekara 12 zuwa sama allurar Wegovy, wadda ke rage sha'awar abinci ta hanyar ƙwaƙwalwa. Tana aiki, amma tana da tsada, tana buƙatar firji da kulawar likita, kuma nauyi yakan dawo idan an daina. Maganin sukari na Metformin, wanda ke taɓa AMPK, kaɗan yake rage nauyi. Yaron da ƙibarsa ta yi tsanani yana da haƙƙin ganin ƙwararre a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ƙauyen da wuta ba ta zama ba zai dogara da allurar firji ba, kuma sayen irin waɗannan magunguna a kemis ba da takardar likita ba ganganci ne.

Ga yaron da ya riga ya yi ƙiba, hana shi abinci ko yi masa gori ba magani ba ne. Tunda yana kan girma, sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyi ya tsaya, tsayi ya kamo shi. Gida duka ne zai sauya: ruwa a madadin lemo, fura da nono ba tulin sukari, tuwon gero da miyar ganye, wake, da aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki kullum, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Sauran aiki na hukuma ne. Asibitocin matakin farko su riƙa auna tsayi tare da nauyi, su lura da wanda ya haura layi kamar yadda suke lura da wanda ya faɗo ƙasa. Makarantun firamare su kare filin wasa daga masu yanka fulotai. Harajin naira 10 kan kowace litar lemo, wanda ya fara aiki a 2022, a sa wani kaso nasa cikin ciyar da masu ciki da yara. Masu unguwanni da limamai kuma su yi magana kan sha ka fashe a fili. Tun ran gini ake zane, kuma ginin jikin yaro yana farawa ne daga kwanon mahaifiyarsa.