Zuwa Ga Masu Maganin Gargajiya: A Kai 'Ya'yan Itatuwa Awo

Iyayenmu masu saiwa da sassaƙe, magana ce da ni a kan 'ya'yan itatuwan da kuke jiƙa wa jama'a.

Mu fara da bagaruwa. Majema da ita suke jeme fata har ta daina ruɓewa. Da masana suka auna 'ya'yanta a ɗakin bincike, sai suka tarar da sinadarin tanin jibge a ciki. Shi ne baurin nan da ke ɗaure baki, shi ne kuma ke tsayar da zawo. Kun ga awo bai ƙaryata ku ba. Sai dai abin da ke jeme fatar akuya ba a ɗura wa jariri shi kofi-kofi.

Aduwa ma haka. Tun 1933 wani likita a Sudan mai suna Archibald ya rubuta cewa 'ya'yanta na kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma sinadarin saponin mai kumfa ne ke wannan aiki.

Inda na fi jin tsoro shi ne zaƙami. Ƙwayoyinsa na ɗauke da atropin da sikofolamin. In suka yi yawa, baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, mutum ya kama sambatu, wani ma sai dai gawa. Ƙarfinsu kuwa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka "cikin cokali ɗaya" na bara ba lallai ya zama na bana ba. Ido ba ya gane wannan, harshe ma haka.

Ku ɗebi abin da kuke haɗawa ku kai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, ko tsangayar haɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Maganin sikila na Niprisan, wanda akwai masoro da kanumfari a cikinsa, daga hannun mai maganin gargajiya NIPRD ta samo shi. Ku faɗi inda kuka tsinko, da lokacin, ɗanye ne ko nunanne. Kafin ku saki sirrin gado, a rubuta yarjejeniya a sa hannu.

In sakamako ya fito, don Allah kada a ɗora shi a lasifika a ce yana maganin cuta arba'in. Takardar ta faɗi abin da ke ciki ne kawai, ba ta ce an gwada a jikin majinyaci ya warke ba. Wassalam.