CORSAIRE, JIRGIN RUWAN DA AKA AUNA DA ALJIHUN MA'AIKACI

Kafin yaƙin duniya na biyu, yawon shan iska bisa teku cikin jirgi mai ƙyalle abin masu hannu da shuni ne a ƙasar Faransa. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata sai dai ya tsaya bakin gaɓa ya yi kallo. Cikin shekara ta 1947, Philippe Viannay da matarsa Hélène, waɗanda suka yi gwagwarmayar ɓoye lokacin mamayar Jamus, suka buɗe wa matasa sansani a tsibiran Glénan na jihar Bretagne, wanda daga baya ya zama lakwal ta koyon tuƙi da iska. Matasa sun zo, amma jiragen da ke kasuwa sun fi ƙarfin aljihunsu.

Wanda ya warware matsalar shi ne Jean-Jacques Herbulot, mai zanen gine-gine, kuma gwanin tseren jiragen ruwa da ya wakilci Faransa a wasannin Olampik. Ya fara da wani ɗan ƙarami a 1951, mai suna Vaurien, wato "ɗan iska" in an juya shi da Hausa, sunan da bai yi ƙarya ba ga abin da iska ke korawa. An so kuɗɗinsa kar ya wuce na keke biyu. A 1954 kuma ya fiddo Corsaire, wanda ake iya kwana cikinsa.

Tsawon Corsaire metir 5 ne da santimetir 50, faɗinsa bai cika metir 2 ba. Sirrinsa yana ga katakon da aka yi shi da shi: allon nan na siraran yankan itace da aka manne da juna, wanda ake ce ma contreplaqué. Duk kafinta ya san halinsa, yana tanƙwaruwa ta fuska guda, amma ba ya yarda a mulmula shi kamar ƙwarya. Herbulot bai yi gardama da katako ba. Ya zana ciki mai kusurwa, inda allon ƙasa ke haɗuwa da allon gefe kamar bakin akwati. Masu tsoffin jirage masu sumul sun ga muni. To amma aikin ya ragu, ɓarnar katako ta ragu, har mai sha'awa yana iya sayen zanen ya harhaɗa nasa a garejin gidansa. Kowane ɗan kasuwa zai gane wannan lissafi.

Ƙyallensa biyu ne, babba bayan jigo, ƙarami gabansa, faɗinsu duka wajen murabba'in metir 16. Nan ne mai karatu zai yi tambaya: ƙyalle mai wannan girma bisa ɗan akwatin katako, me zai hana iska ta kifar da shi? Amsar tana ƙarƙashin ruwa. An ɗaura wa cikinsa wata gajeriyar kunya mai nauyin ƙarfe wajen kilo 150, wadda ke jawo shi ya miƙe duk lokacin da iska ta karkata shi. Cikin kunyar kuma akwai wani allo da ke shiga yana fita kamar wuƙa cikin kubenta. In an sake shi, jirgin na nutso metir guda, allon ya tokare ruwa ya hana iska tura shi gefe. Da haka ne yake iya nufar inda iskar ke fitowa, ba kai tsaye ba, sai da karkace-karkace, dama da hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. In an ɗage shi, nutson ya koma santimetir 55 kacal. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Bretagne, inda teku ke cika tana janyewa sau biyu kowace rana, ta bar ƴan lunguna da ruwa iya gwiwa.

Ɗakin ciki kuwa, kar a zuga shi. Babu mai tsayuwa a miƙe. Mutum biyu ko uku na kwanciya, akwai gurbin ɗan murhu da na kaya, shi ke nan. Wanda ya saba da falo mai kujeru zai ce kabari ne mai taga. Amma da yake jirgin ba nauyi, ƙaramar mota na jan shi bisa tirela zuwa gida, mai shi ya huta da biyan kuɗɗin tasha shekara sukutum. Da aka ƙara hutun ma'aikatan Faransa ya kai mako uku a 1956, sai ga lokaci ya samu, ga kuma abin hawa daidai albashi. An ƙera Corsaire fiye da 3.000, ya bazu har tabkunan ƙasar Suwis.

Arahar tana da ladanta. Babban abokin gabar wannan katako ruwan sama ne da ke kwanciya cikin lungu, ya bi ta bakin allo ya ruɓar da shi ta ciki, fenti na sheƙi a waje. Mai shi ba ya rabuwa da goga da gwangwanin fenti. Shi ya sa cikin shekarun 1960, da jiragen roba mai haɗe da zaren gilashi suka shigo, kasuwa ta juya gare su, har Corsaire ɗin ma aka riƙa zuba shi da roba. Duk da haka na katakon ba su ƙare ba: masu su na da ƙungiya, suna gyara tsoffi, suna shirya tsere tsakaninsu, kuma mai sayen na hannu ya kan fara da ƙwanƙwasa allon ƙasa ya saurari amonsa kafin a shiga ciniki.