Wai wace macen ake faɗa a kanta?

Tun da aka sake tayar da maganar ware wa mata kujeru na musamman a majalisa, Facebook ya rabu gida biyu. Wasu na cewa 'yan feminis sun zo rusa addini, wasu na cewa addini da al'ada ne suka danne mace. Ni dai daga nan Danko nake karantawa, kuma wallahi macen da ake wannan faɗan a kanta ban gane ta ba.

A ƙasar Zuru, abin da ake kira mutuncin mace ya danganta da gidan da ka shiga. Badakkariya, ko in ce 'yar Lelna, darajarta na gona, in ba ta iya fartanya ba dangin miji su raina ta. Bafulatana ta ɗauko ƙwaryar nono ta yi tafiyar ƙasa zuwa kasuwa, ba wanda ya ce ta zubar da kunya. Bahaushiya kuma ƙimarta a ce ba a taɓa ganinta a waje ba, alhali 'yarta ce ke yawon talla a madadinta. Sau da yawa duk ukun Musulmi ne, alƙibla ɗaya suke kallo. To in addini ne kaɗai ke yanke hukunci, me ya raba su? Mu da ake samun liman da fasto a zuri'a ɗaya, mun san al'ada ta fi shiga jini.

Maza ma haka. Da, ba ka cika namiji ba sai ka yi golmo, ka noma wa surukai har shekara bakwai. Yau aljihu ake dubawa.

Aljihun nan fa shi ne ba ma son ambata. Kulle kansa sai mai hali. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, da me zai kulle mata? Mu ma masu albashi, da digiri ke kare mu daga tsegumi, 'yar wani ƙauye ce ke mana wanke-wanke muna ofis.

Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Alhamdulillahi sun dawo. Amma mai kuɗi zai iya kwashe 'yarsa ya kai Birnin Kebbi ko Abuja. Talaka fa? Miji zai nema mata, kuma ba zan zage shi ba, ya ga yadda wasu 'yan matan makarantar Birnin Yauri suka kusa shekara biyu a daji bayan harin 2021. Daga baya sai mu ce al'ada ce.

Kar a ce ina adawa da kujerun. Mata huɗu cikin sanatoci 109 abin kunya ne, kuma ban manta yadda majalisa ta yi fatali da ƙudurorin mata a Maris 2022 ba. Ina goyon baya. Sai dai na san kuɗin fom, na san waɗanda ke raba tikiti. Matan manya da 'ya'yansu ne za su fara zama.

Saboda haka duk mai neman ƙuri'armu da sunan mata, ta fara zuwa Maga, ta nemi rajistar makarantar, ta ƙirga mana yara nawa suka koma aji.