Zuwa ga Masu Gyaran Katunan Bita a Excel



Na rubuto ne ga duk mai shirya katunan bita na Anki yana raba wa wasu, ko don jarrabawar JAMB da WAEC, ko karatun likitanci, ko haddar kalmomin Larabci. Yawancinmu mukan fitar da katunan zuwa Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc, domin gyaran da zai ci mako a kati ɗaya-ɗaya, a jadawali sai a gama shi kafin la'asar. Ina son wannan hanya, amma akwai amana a cikinta.

Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, ta ginu ne a kan tsarin SM-2 da Piotr Woźniak ya tsara a 1987: a dawo wa ɗalibi da kati daidai lokacin da ya kusa mantawa. Manhajar ba ta bambance daidai da kure. Duk abin da kuka zuba mata, shi za ta yi ta bita da yaro wata da watanni har ya zauna masa daram, ya je ɗakin jarrabawa ya rubuta kurenku da ƙarfin zuciya.

Ku fara da ajiye kwafin katunan gaba ɗaya kafin ku taɓa komai. Sannan in za ku fitar da su, ku haɗa da lambar shaidar kowane kati, wato GUID, kada kuma ku taɓa jerin da take ciki. In babu ita, Anki da gurbin farko take gane kati. Kuna gyara harafi ɗaya a wannan gurbi, sai ta ɗauka sabon kati ne ta ƙara shi, tsohon da kurensa yana nan, tarihin bitar ɗalibi kuma yana manne da tsohon.

Inda na fi so mu tsaya shi ne haruffanmu. Fayil ɗin CSV da ba a adana da UTF-8 ba yakan mayar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ alamar tambaya, haka ma rubutun Larabci. Wannan da sauƙi, ido yana ganinsa. Wanda ke wucewa ba a lura ba shi ne alamar da muke sa wa 'ya da 'yan da 'yanci. In ta zo a farkon gurbi, Excel yana ɗaukar ta umarni ne cewa abin da ke biye rubutu ne, sai ya ɓoye ta, fayil ya fita da ya da yan da yanci. Ku buga ta sau biyu, ko ku bi 'yan'uwanmu na Nijar ku rubuta ƴ. Haka kuma umarnin nemo-ka-musanya: wanda ya ce a mayar da kowace "kasa" ta koma "ƙasa" a damin katuna dubu, ya ɓata duk jimlar da wani ya kasa yin abu. A irin wannan wuri ku duba ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ɗauki lokaci.

Excel yana da karambani da lambobi. Ka rubuta 1/2 ya mayar da shi kwanan wata, ka rubuta 36:12 kana nufin sura da aya ya mayar da shi awa da minti, sifilin farkon lamba kuwa share shi yake yi. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gado na ɗan'adam suna ya sauya MARCH1 zuwa MARCHF1, SEPT1 zuwa SEPTIN1, saboda Excel ya dinga mayar da su ranakun Maris da Satumba. Maganin shi ne a mayar da kowane jeri na rubutu zalla tun wajen shigo da fayil, ba bayan ɓarna ta auku ba.

In za ku jera katuna bisa abacada, ku zaɓi jadawalin gaba ɗaya. Wanda ya jera tambayoyi su kaɗai ya bar amsoshi a inda suke, ya ɗaura wa kowace tambaya aure da amsar maƙwabciyarta.

Sauƙin jadawali yakan kuma ja mutum ya kwafo sakin layi guda daga littafi ya cusa a bayan kati. A ganina wannan zalunci ne ga mai karatu. Kati ɗaya ya ɗauki tambaya ɗaya da gajeriyar amsa, in bayani ya yi yawa a raba shi gida uku.

Don Allah, kafin ku tura katuna zauren WhatsApp na aji, ku shigar da su a sabon asusun gwaji na Anki a kwamfuta, ku buɗe guda ashirin daga farko da tsakiya da ƙarshe ku karanta da idonku, sannan ku ba wani malamin fannin ya duba muku.