Kimba a Ɗakin Gwaji: Ina Ruwan Manomi?

Duk wanda ya zaga wajen masu kayan yaji a Sabo ko kasuwar Shasha da ke Akinyele a Ibadan zai ga kimba tuli-tuli. Bishiyarta ta kurmin Kudu ce, amma tana da babbar kasuwa a Arewa, inda ake sa ta a yajin jego da kunun kanwa, ake kuma dafa ta don tari da ciwon ciki.

A shekarar 1968 wasu masana biyu na Jami'ar Ibadan, Ekong da Ogan, suka tace wani sinadari daga 'ya'yan kimba, suka kira shi asid na zailofik. Daga baya masu bincike a Kumasi ta ƙasar Gana suka gwada shi a kan ɓeraye, suka ga yana rage raɗaɗi. Amma sun kuma gano cewa yana rage ƙarfin haihuwar ɓerayen maza. Ashe iyayenmu ba su yi kuskure ba, sai dai duk abin da ke da ƙarfin magani yana buƙatar awo. Gwajin ɓera kuma bai zama hujjar a riƙa ɗura wa mutum ba.

A ganina, wannan bincike ya shafi manomi kai tsaye. Ƙarfin kimba ba ɗaya ba ne a kowane buhu. Man da ke ba ta ƙamshi yakan tsere idan an daka ta aka bari a buɗe, ko ta daɗe cikin zafi. Idan kuma aka ɗura ta da sauran danshi, sai ta yi fumfuna, wadda kan haifar da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, gubar da dahuwa ba ta kashewa. Mai jego ce za ta ci wannan yajin, tana shayar da jariri.

Wasu na ganin kai maganin gargajiya ɗakin gwaji raini ne. Ni kuwa ina ganin kariya ce gare shi, domin abin da aka auna shi ne ke samun yarda da farashi.

Saboda haka, malaman gona su ɗauki kimba tamkar masara. A koya wa manoma shanya ta a kan tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba, a tsince mai fumfuna a zubar, a ajiye buhu a kan katako a ɗaki mai iska. Kada a daka sai wadda za a yi amfani da ita nan kusa.