Tuhuma Daban, Tsigewa Daban

Akwai kalmar Ingilishi guda wadda ta daɗe tana ba masu fassara wuya, watau "impeach". Gidajen rediyo da jaridunmu sun saba mayar da ita "tsige", tun ma dai daga ranar 23 ga Yuni, 1981, da Majalisar Jihar Kaduna ta kawar da Alhaji Balarabe Musa daga kujerar gwamna. A ganina wannan fassara ta yi gaggawa, domin ta yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba.

Asalin ma'anar kalmar ita ce majalisa ta tuhumci mai mulki da laifi. Alal misali, a 1998 Majalisar Wakilan Amurka ta yi wa Shugaba Bill Clinton haka, amma Majalisar Dattawa ta wanke shi a 1999, ya kuwa cika wa'adinsa. To, wa aka tsige? Bahaushe in ya ce an tsige gashi, ai gashi ya bar jiki ke nan. Ko sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999 ya jera matakai: sulusin 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, Babban Jojin jiha ya naɗa mutum bakwai su yi bincike, sa'an nan kashi biyu cikin uku na majalisa su amince. Sai a mataki na ƙarshe ake tsigewa.

Abin sha'awa shi ne, leburan masana'anta ya riga ɗalibi gane wannan bambanci. Ma'aikacin Bompai ko Sharada, ko na majemun Challawa, ya san takardar tuhuma daban, takardar sallama daban. Ta farko amsa take nema, ta biyu kuwa ita ke raba mutum da abincinsa. Ba zai taɓa gaya wa iyalinsa an kore shi ba don kawai manaja ya nemi bahasi.

Kada a ɗauka gardamar 'yan makaranta ce kurum. A watan Yuli na 1981 gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Jama'a da dama suka ɗauke ta a matsayin shirin tuɓe Sarki. Ranar 10 ga wata aka yi tarzoma, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad. Sarki kuwa ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 2014.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Sarki ake tuɓewa, ko ya yi murabus. Soja ke hamɓarar da gwamnati. Majalisa kuwa tuhuma take fara yi, in laifi ya tabbata ta tsige. Saboda haka ina kira ga malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu niyyar aikin jarida, mu riƙa cewa "majalisa ta tuhumci wane" har ranar da aka ƙirga ƙuri'a.